Inda Jan Goro Ya Tsaya

Yanzu buga littafi ya zama kamar suyar ƙosai. Ka kai abinka cikin waya wani shago a unguwar Banikanni da hantsi, kafin la'asar an miƙo maka shi da bango mai sheƙi, har da hotonka a baya kana murmushi. 'Yata ce ta zo mini da wannan labari, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta. Malamar makaranta ce a nan Faraku, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ta damu da takarduna. Ta ce, "Baba, littattafanka duk ana samu, na farkon nan ne kawai ya ɓace. Ka ba ni mu sake bugawa, ai tarihi ne." Na ce mata ba ni da ko ɗaya, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne ni da hannuna na bi na ƙone waɗanda suka rage. Sai ta ce ai Gwaggo, wato yayata, tana da ɗaya a Zugu, ta taɓa ganinsa a ƙasan akwati. Kai, yaran yanzu! Abin da ka binne da daɗewa su tono shi, su kawo maka suna dariya.

A Zugu aka haife ni, garin da a takarda ake rubuta Djougou, a gidan fataken goro. Kakanninmu sun biyo hanyar Gwanja da jakuna suka yada zango, zangon ya zama gida. Ko da na buɗe ido jakuna sun tafi, kamyo, wato babbar motar kaya, ya zo, amma goro bai canza hali ba. Bayan kiran salla, sautin da na fara sani a duniya shi ne ƙarar ganyen fita idan ana kwance huhu, wato ƙunshin nan da ake naɗe goro a ciki don kada iska ta taɓa shi. Rumfar Baba tana gindin ceɗiya, kusa da ƙofar masallaci. Yana zaune kan buzu, ƙafa a miƙe, yana tsince goro ɗaya bayan ɗaya, ya juya shi ya duba ko sankara ta shiga, mai lafiya ya jefa dama, mai ciwo hagu. In ya gama sai ya tsoma hannu cikin ruwa ya yayyafa, fat, fat, fat, ya mayar da ganye ya ɗaure. Kullum maganarsa ɗaya: "Goro ɗan gata ne, ba ya son rana, ba ya son ƙishirwa, ba ya son hannun mai gaggawa." Bakinsa ba ya rabuwa da ɓari guda, kuma yana da wata ɗabi'a ta lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, har duk littattafansa na ajami suna da jan tabo a kusurwar kowace takarda. Inna takan ce ko an sace littafin Baba ɓarawo ba zai iya musu ba.

Aikina a rumfar shi ne ɗebo ruwa. Nan ilimina na goro ya tsaya, domin ban kai ga zama kusa da buzun ba aka sa ni lakwal, makarantar boko. Yayata, wadda nake bi, ta yi shekara uku a can aka cire ta, ni aka bar ni na zarce har lise, wato sakandare, a Faraku. Baba ne ya zaɓa mini, ba wani ba. Ya ce gidan nan ya daɗe yana ƙirga goro, ya kamata a samu mai ƙirga takarda. Tun daga nan yake tsokanata da Mushe, sunan da muke kiran malaman boko. In na dawo hutu da wandona mai kari, sai ya ce, "A ba Mushe kujera, kada buzu ya ɓata masa wando." Mutanen rumfa su yi dariya, ni kuwa in cika in batse.

Ina cikin wannan cika sojoji suka ɗauki mulki, suka ce an yi juyin juya hali. Cikin ɗan lokaci kowa ya zama kamarad. Dattijon da ake cire wa takalmi tun daga zaure, yaron da aka haifa a gabansa ya miƙa masa hannu ya ce kamarad. Aka kafa komiti a kowace unguwa, aka ba mu makarantu mu koyar tun gemunmu bai fito ba, aka ce mu ne idon ƙasa. A wajen taro ana ta faɗin masu shan jinin talaka, masu ɓoye kaya, 'yan kasuwa da malaman tsibbu. Ba zan ce an tilasta mini ba, wannan ƙarya na bar wa abokaina da suka koma alhazai daga baya. Na yarda da abin, da zuciya ɗaya na yarda. Kuma akwai gaskiya a ciki, don na ga manomin ƙauyen Partago ya kawo doya kasuwa an yi masa wayo ina tsaye. Laifina shi ne da na tashi neman mugun da zan sa a littafi, ban san ɗan kasuwa ko ɗaya ba sai ubana.

Da keken rubutu na ofishin makaranta na buga shi, ranakun Lahadi da babu kowa. Keken Faransa ne, bai san ƙa ba, bai san ɗa ba, bai san ɓa ba, ƙafa da kafa duk ɗaya ne a wurinsa. Kan istansil ake bugawa, wata takarda mai kakin zuma da haruffa ke hudawa, in ka yi kuskure ka shafa jan farce ka jira ya bushe. Daga nan sai injin roneyo, ka juya hannu yana kwaram, kwaram, takardu suna faɗowa da ɗumi da warin tawada mai hawa kai. Yaran yanzu da suke latsa waya ta gyara musu kuskure, ina za su san daɗin ganin maganarka ta fito sau ɗari a jere? Da na gama sai na zauna da biro ina bin kowane littafi shafi-shafi, ina yi wa haruffa ƙugiya da hannu, har yatsana ya yi kanta. Dubi dai wauta: na kula da ƙugiyar kowane harafi, ban tsaya na tambayi ko abin da haruffan suke faɗi gaskiya ne ba. Na ɗinke su da bangon kwali shuɗi, na riƙa kai su tashar mota da ta jirgin ƙasa ina sayarwa da kaina.

Labarin wani alhaji ne mai goro, wanda yake jiƙa goronsa da ruwa don ya yi nauyi a sikeli ya cuci talaka, da ɗansa ɗan makaranta da ya tona masa asiri. Ban sa sunan Baba ba. Amma na ba alhajin rumfa a gindin ceɗiya kusa da masallaci, na ba shi buzu, na sa masa maganar goro ɗan gata a baki. Kusa da ƙarshe ɗan ya tsaya gaban taro ya ce, "Daga yau ba ni da uba sai talakawa." Na ji daɗin wannan layi ƙwarai lokacin da na rubuta shi. Sai dai akwai babi ɗaya bayansa, na ƙarshe, inda ɗan ya dawo gida ya tarar da tsohon a kwance, ya durƙusa ya kama ƙafafunsa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Abokaina suka ce in cire, wai rauni ne, ba ya tafiya da zamani. Na ƙi. Ina kuka na buga babin nan, ban san dalili ba, don a lokacin ba a yi kome ba tukuna.

Da a Hausa abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi mini a zango a manta. Amma son yabo ya sa na juya babin sikeli zuwa Faransanci, na karanta a wani taron matasa a Faraku. Aka tafa mini har na ji kaina ya taɓa rufi. Cikin masu tafawa akwai waɗanda aikinsu ne binciken 'yan kasuwa, mutanen kudu, waɗanda ba su san goro ba sai a bakin wani. Ba a yi kwana goma ba suka sauka Zugu da sikelinsu, suka tambayi rumfar gindin ceɗiya. Suka sa aka fito da huhunan Baba duka, goron shekara da ya tara, aka kwance aka baje a filin kasuwa, wai a bar shi ya bushe a sake aunawa a ga ruwan da ya sha. Dattawa suka yi ta roƙo, aka ce su yi shiru ko a haɗa da su. Wuni biyu goron yana shan rana. Da suka gaji suka rubuta abin da suka rubuta suka tafi, ba su kama kowa ba. Goron kuwa ya yamutse ya yi baƙi, ko sadaka ba a karɓa.

Da labari ya iske ni na hau mota. Na tarar da Baba kan buzunsa, rumfa fayau, sai faifai ɗaya a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da tambayar gajiyar hanya.

Ya ce, "Mushe, an ce ka yi littafi."

Na ce, "Na'am, Baba."

"An ce a ciki ina jiƙa goro don ya yi nauyi."



Ya ce, "Tun da kake ɗebo mini ruwa, ka taɓa ganin sikeli a rumfar nan?"

Na duba, kamar zan gan shi a rataye. Babu, kuma ba a taɓa yi ba.

Ya ce, "Goro ƙirga shi ake yi, ba a auna shi. Ɗari, ƙwarya ɗaya. Ko kogi ya shanye, ɗari nan ɗari ce. Ruwan da kake gani, don kada ya mutu ne." Ya ɗauki guda cikin faifan, yamutsattse, ya miƙo mini. "Ungo, ci."

Na karɓa, na kasa kai shi baki. Nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in kama ƙafarsa, ga ta a miƙe gabana, ko taku biyu babu. Amma akwai mutane a rumfar suna kallo, ni kuma kamarad ne, malamin makaranta. Na tashi na shiga gida, na zaro littafi ɗaya daga jaka na ba Yaya, na ce, "Ki karanta masa, har ƙarshe, kin ji? Har ƙarshe." Ta karɓa ba ta dube ni ba. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ɗan kuka, mai jawo wa uwarsa jifa." Kashegari na koma Faraku.

Baba bai sake ɗaura huhu nasa na kansa ba. Abokan cinikinsa na Gwanja suka ja baya da rumfar da hukuma ta sa wa ido, ya koma sayar da na faifai kamar tsofaffin bakin tasha. Nakan zo da salla, mu gaisa, ya ce a ba Mushe kujera, amma ba wanda yake dariya kuma. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Damina uku bayan haka ya rasu, ina kudu wajen wani horo, na iso an riga an kai shi. Tun ranar, abu ɗaya na dogara da shi: ya ji babin ƙarshe. Na ce wa kaina Yaya ta karanta masa, ya ji ɗan ya durƙusa, ya gane da wa ake, shi ya sa bai ƙara magana ba. Da wannan na yi aure, da shi na haifi 'ya'ya, da shi nake iya kallon fuskata in zan aske gemu. Ban taɓa tambayar Yaya ba, kuma na san dalilin da ya hana ni.

Masu karatu suna yabona wai na san sana'a. Wai in na rubuta mahauci sai ka ji ƙarnin nama, in na rubuta direba sai ka ji giyar mota tana shiga. Ba su san cewa tsoro ne ba. Tun daga littafin nan ban sake rubuta aikin da ban zauna kusa da mai yinsa ba. Na yi wata guda a masaƙa don shafi biyu, na bi kamyo har bakin kogin Kwara don in ji yadda ake zagin birki. Na koyi yanke jawabi, na koyi barin mutum ya yi maganarsa ba tawa ba, na koyi cewa mugu ma yana da abin da ya iya. Duk wannan da goron ubana na saye shi. Su kuwa masu tafi, da zamanin ya wuce suka ajiye kamarad kamar tsohuwar riga, wani ya sayi manyan motoci, wani ya gina masallaci. Ɗaya daga cikin masu sikelin mun haɗu a wajen wani suna, ya rungume ni ya ce, "Malam, ai lokacin ƙuruciya ce." Wallahi da ba cikin taro ba ne da na tofa masa.

Uwata ba ta bar ni na huta ba sai da muka tafi Zugu. Hanyar da muke wuni a kai yanzu kafin ka gama gyangyaɗi an iso. Ceɗiyar an sare ta, inda rumfar take wani yaro ne mai gyaran waya, goro kuma ga shi can cikin leda da buhun siminti yana gumi, ba ganye ba yayyafi. Yaya ta tsufa, ido ya yi rauni, amma harshe yana nan da kaifinsa. Ta ce, "Yau kuma marubuci ne a gidanmu? Me muka yi?" Da Uwata ta faɗi abin da ya kawo mu, sai ta sa aka jawo akwatin, aka zaro littafin. Bangon ya koɗe, ƙarfen ɗinkin ya yi tsatsa. Na zauna bakin ƙofa inda haske yake na buɗe.

Wayyo kunya! Hausa ce a sama, ƙashin Faransanci a ciki. Jarumin nawa ba ya buɗe baki sai ya yi huɗuba shafi biyu, ba ya cin abinci, ba ya dariya, itace ne aka sa wa riga. Mai rai ɗaya ne a littafin, alhajin da na so a tsana, don duk maganarsa ta Baba ce na sata. Amma ba wannan ya tsayar da ni ba. A kusurwar kowane shafi akwai jan tabo na yatsa, a gefe kuma rubutun ajami da tawadar allo, hannun da na sani. Na riƙa haɗa baƙaƙen a hankali, don na daɗe da sakin karatun. Ya rubuta, "Daushe tsohon goro ne, ba ruɓaɓɓe ba." Can gaba, "Marsa su ne manya." Wani wuri, "Bahaushe ba ya faɗin haka." Inda na ce alhaji ɓarawo ne, inda na ce azzalumi ne, bai taɓa ba. Kuskuren aiki da na harshe kawai yake bi yana gyarawa, kamar yadda yake tsince goro.

Yaya ta ce, "Shi yake riƙe da littafin, ni ina leƙe ina karantawa. Ya ce ba za a karanta masa abu a hannun wani ba kamar sammaci. In na kai ƙasa in ce juya, ya lashi yatsa ya juya. In ya ji abin gyara ya ce in nuna masa layin."

Na ci gaba da buɗewa har na kai shafin taron, inda ɗan ya ce ba shi da uba. Tabon yana nan, ya fi sauran girma, amma gefen babu rubutu. Na juya. Shafi na gaba fari tas. Na gabansa ma haka.

Na ce, "Yaya, nan fa?"

Ta ce, "Na karanta masa layin nan, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana kallon takardar, sai ya ce, 'To, nan babu gyara.' Ya rufe ya ba ni."

"Ba ki ce masa akwai saura ba?"

"Na ce. Ya ce ya ishe shi."

"Amma kin gaya masa abin da ke ƙarshe? Na ce miki har ƙarshe, Yaya!"

Ta juyo da idon nan nata mai hazo ta ce, "Kada ka ɗaga mini murya a ɗakina. Me ke ƙarshen? Ni ma ban karanta ba, haushinka nake ji."

Na faɗa mata. Da bakina, a gaban 'yata, na faɗa mata ɗan ya durƙusa ya nemi gafara. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ayya. Ashe takarda ka aiko ta durƙusa maka. Damina uku yana zaune a kan buzun nan, kai kuma kana da gwiwa."



A mota muna dawowa Uwata ta karanta babin, tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Baba, wannan ne ya fi kyau duk littafin." Na ce mata ta buga in tana so, amma da rubutun kakanta a gefe yadda yake, kuma ta tsaya daidai inda jan ya tsaya. Ta ce to ai labarin ba zai ƙare ba. Na ce nan ya ƙare, ni ne ban sani ba. Wanda aka rubuta wa sauran bai ji ba, ban ga wanda zan ba shi yanzu ya tafa mini ba.

Littafin yana nan gabana. Shafi goma sha ɗaya ne bayan tabon ƙarshe, na ƙirga su, ban auna ba. Ɗazu na lashi yatsa na buɗe su ɗaya bayan ɗaya har bango, na koma na duba kusurwoyin. Ko alama ban bari ba, don tun ranar da ya ce ungo ban sake iya cin goro ba.